Ƙwaryar Nono da Tukunyar Kuka

Akwai wata Bafulatana da ke shigowa layinmu a Kagarawal da hantsi, ƙwarya uku a ka, ɗaya bisa ɗaya, kowace an rufe ta da faifai. Ba ta kiran ciniki. Sallama take yi a ƙofar gidajen da ta saba, a ce mata ta shigo. Ranar da wannan magana ta taso, ta sauke kayanta a tsakar gidanmu, goggona na zaune kan tabarma tana tankaɗe kuka da hannu ɗaya. Goggo ta haura saba'in, kuma tun da ta zame a bakin rijiya ta karye a wuyan hannu, kowa a gidan ya zama likitanta. Ƙanena ya ce a riƙa saya mata kindirmo kullum, ai nono ƙashi yake ginawa. Goggo ta ɗago kai ta dube shi.

"Kai ɗan nan, ni da na haifi tara, na yi shekara hamsin ina surfe, da nono aka gina ni? Ga wadda ta riƙe ni nan." Ta nuna garin kukar da haɓa.

Mai nono ta yi dariya, ta ce, "Inna, mu a rugarmu tsofaffi ba sa karyewa."

Goggo ta ce, "To ai ku a rugarku babu siminti."

A nan gardamar ta mutu, aka auna kindirmo aka biya. Ni kuwa maganar ta bi ni, don na lura su ukun kowa ya riƙo wani gefe na gaskiya, kuma gefen da Goggo ta riƙo da bakin wasa ya fi nauyi fiye da yadda ta zata.

Jikin babban mutum na da ƙasusuwa 206, kuma a cikinsu da haƙora ake ajiye kusan kashi 99 cikin ɗari na sinadarin kalsiyam da ke jikinsa, wajen kilo guda ke nan. Ɗan ragowar yana yawo a jini, kuma shi ne zuciya da tsoka da jijiyoyi ke aiki da shi, ba sa jiran gobe. Idan abinci bai kawo ba, jiki rumbu yake buɗewa, rumbun kuwa ƙashi ne. Ko babu yunwa ma ƙashi ba ya zaune haka nan. Kullum ana kankare wani wuri ana sake cike shi, kamar yadda ake wa katangar ƙasa yaɓe kafin damina, har a shekara guda a sabunta wajen kashi ɗaya cikin goma. Daga haihuwa zuwa kusan shekara talatin yaɓen ya fi kankarar yawa. Daga nan sai a yi kunnen doki na wani lokaci, sannan kankara ta fara rinjaye, kuma ga mace abin yakan yi sauri a shekarun farko bayan al'ada ta ɗauke. Saboda haka in aka ce abu kaza na ƙarfafa ƙashi, sai a fara tambaya: ƙashin wa, kuma a wane lokaci na rayuwarsa?

A fara da nono, tunda shi ne mai suna. Kofi ɗaya na rubu'in lita yana ɗauke da kalsiyam kusan miligiram 300, kuma hanji na tsotse kamar kashi ɗaya cikin uku na wannan, wanda a lissafin abinci rabo ne mai kyau. Yana kuma zuwa da furotin, wanda shi ne saƙar da kalsiyam ke kwanciya a kai. Tsami ba ya rage masa komai ta wannan fuska: kindirmo da nonon da aka kaɗe aka cire mai duk kalsiyam ɗinsu na nan. Wanda ya fita daga sahu shi ne man shanu. Duk ƙamshinsa da darajarsa a kan tuwo, kitse ne, kalsiyam ɗin a ƙwarya ya bari. Na sha jin ana cewa a bai wa wanda ya karye man shanu don ƙashi ya haɗe da wuri. Zai ji daɗin tuwonsa dai. Cukun da 'yan Nijar ke busarwa, shi kam nono ne aka matse aka tara, ɗan yanki ya yi aikin kofi.

Kuka ba ta da masu talla, amma idan aka hau sikeli da ita sai ta ba mutum mamaki. Giram 100 na busasshen ganyen kuka na ɗauke da kalsiyam sama da miligiram 1,000, ninkin ba ninkin abin da ke cikin giram 100 na nono. Da a nan lissafin ya tsaya, da Goggo ta ci gari. Sai dai wa ke cin giram 100 na kuka? Ludayi ɗaya ko biyu ake kaɗawa a tukunyar gida guda, a raba wa mutum goma, kowa ya samu abin da ya samu. Sannan miyar ba ita kaɗai take shiga ciki ba, da tuwo take tafiya, kuma hatsi na da wani sinadari a dusarsa, fayitet, mai kama kalsiyam ya hana hanji ɗauka. Wasu ganyayen ma da nasu maƙiyin suke zuwa. Alayyahun Turawa ya yi suna a nan: kalsiyam na cikinsa, amma abin da jiki ke samu bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba, saboda sinadarin okzalet ya ɗaure sauran. Alayyahunmu ma na da wannan sinadarin, zogale ma yana da shi daidai gwargwado.

Ƙarfin kuka a naci yake. Ba ta san rani ba, ba ta san damina ba. Ana ci da dare, a yi ɗumame da safe, shekara ta zagayo ana kan haka, kuma gidan da ba a taɓa sayen kindirmo ba ma ana kaɗa ta. Ga shi ba ta tafiya ita kaɗai, tana jan daddawa, tana jan ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu, kuma ƙayar kifi ai ƙashi ce sukutum. A ƙauyen Keneba na Gambiya, inda masu bincike daga Ingila ƙarƙashin Ann Prentice suka shafe shekaru suna auna abincin mutane, an samu mata na rayuwa da kalsiyam miligiram 300 zuwa 400 a rana, ƙasa da rabin abin da ake ba Ba'amurkiya shawarar ta samu. Ganyaye, musamman kuka, da kifi na cikin manyan hanyoyin da yake shigo musu, nono kuwa ɗan kaɗan ne. Duk da haka suna haihuwa, suna shayarwa wajen shekara biyu, suna noma. Jiki na da dabarar talaka: in abu ya yi ƙaranci sai ya tsotsi rabo mafi girma daga ɗan abin da ya samu, ya kuma rage zubarwa a fitsari.

Wannan dabara tana da iyaka, kuma iyakar a ƙafar yara take fara nunawa.

Duk wanda ya zauna a unguwa irin tamu ya san yaron da nake nufi. Shekara uku ko huɗu, ƙafafu sun yi baka ko sun yi gwame, wuyan hannu ya yi kauri kamar an ɗaura masa wani abu a ƙarƙashin fata, in ka shafa haƙarƙarinsa ka ji ƙulli-ƙulli a jere kamar carbi. Ba ya son tsayuwa, in 'yan uwansa suka ruga sai ya zauna yana kallo. A gida za a ce goyo ne ya buɗe shi, ko an tsayar da shi da wuri, ko gadon dangin uba ne. Gaskiya ne yaro ɗan ƙasa da shekara biyu kan yi 'yar baka ta miƙe da kanta. Amma wadda ke ƙaruwa, ga ciwo, ga kumburin gaɓa, wannan ƙashi ne ya yi laushi ya kasa ɗaukar mai shi.

A littattafan likitancin Turai, wannan cuta ta rashin bitamin D ce, ta yaran biranen masana'antu da hayaƙi ya tare musu rana. To me ya kawo ta ƙasar da rana ke neman kashe mutane? Amsar daga Jos ta fito. Likita Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka ɗauki yara 123 masu wannan cuta suka raba su uku: wasu aka ba su bitamin D, wasu kalsiyam, wasu duka biyun, na tsawon mako 24. A sakamakon da suka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 1999, waɗanda suka samu kalsiyam, ko shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, wajen shida cikin goma sun warke a wannan wa'adi. Masu bitamin D kaɗai kuwa ba su kai biyu cikin goma ba. Da aka auna abincin yaran, kalsiyam ɗin da suke samu a rana wajen miligiram 200 ne. Abincinsu masara ce, kuma masara a cikin hatsi ita ce matalauciyar kalsiyam; gero da dawa sun ɗan ɗara ta, tamba ce kawai ta yi zarra, ita kuwa ba kowa ke nomanta ba. Akwai wani abu da binciken Jos ya nuna wanda ba a cika faɗa ba: yaran maƙwabta masu miƙaƙƙun ƙafafu ma abincinsu kusan haka yake. Ke nan ƙarancin ne ke buɗe ƙofa, amma akwai wasu dalilai, na jini da na bitamin D, da ke sa wani yaro ya faɗa wani ya tsallake.

Masanan da suka yi ittifaƙi kan wannan cuta a 2016 sun ja layi biyu: yaron da ya haura shekara guda, in yana samun ƙasa da miligiram 300 a rana yana cikin haɗari, in ya wuce 500 ya wadatu. Yanzu a yi lissafin. Yaro na kan 200. A ba shi kofi ɗaya na nono, ya kai 500. Babu wani abu a kicin ɗinmu da zai yi wannan tsalle a zama ɗaya, a cikin ɗan ƙaramin ciki, ba tare da an yi kokawa da yaro ba. Yayayyen yaro ba zai shanye miyar da za ta ba shi wannan adadi ba, ɗan abin da ya lakato da loma shi ke nan. A wannan gaɓar nono ya kayar da kuka warwas, kuma ban ga abin musu ba.

Amma mutanen Jos ɗin sun sake yin wani gwaji da ya rage wa nono girman kai. A 2015 suka buga sakamakon kwatanta garin busasshen kifi da garin farar ƙasa, irin dutsen nan da ake haƙa a Ashaka ana siminti da shi, kuma duka biyun sun warkar da yaran. Ƙashi bai damu da ko kalsiyam daga hantsar saniya ya fito ko daga ƙayar kifi ba. Kada dai wani ya ji haka ya je ya dako dutse ya ba ɗansa. Nasu an gwada shi a ɗakin bincike, an auna, likita na duba yaran. Kifin kuwa yana nan a kasuwa, na Dadin Kowa da wanda ake kawowa daga nesa, kuma dakakkensa a miya ko a kunun yaro bai fi ƙarfin gidaje da yawa ba.

Idan aka bar yara aka koma kan manya, sai labarin nono ya fara rawa. Ƙasashen da suka fi kowa shan madara, irin su Suwidin da Nowe da Denmak, su ne kuma kan gaba a duniya wajen karayar ƙugu a tsufa. Wani bincike da aka buga a 1991 ya kwatanta Ibadan da wani yanki na Ingila, ya samu karayar ƙugu a Ibadan ba ta ko kama ƙafar ta can ba. Masu adawa da madara na son wannan hujja, amma ni ban ɗauke ta da nauyin da suke ba ta ba. Mutanen can suna haura tamanin, shekarun da ƙugu ya fi karyewa, mu kuwa kaɗan ne ke kaiwa. Dogaye ne, suna tafiya kan ƙanƙara, suna yin watanni rana ba ta da ƙarfi. Akwai bambancin halitta ma. Sannan namu tsohon in ya karye, sau nawa yake shiga littafin asibiti? Wurin mai ɗori ake kai shi, a ɗaure da karare, in ya tashi a gode wa Allah, in bai tashi ba a ce kwana ya ƙare. Abin da kwatancin ya tabbatar kawai shi ne yawan madara bai isa ya tsare ƙashi ba.

A Suwidin ɗin ne Karl Michaëlsson da abokansa suka bi mata sama da 61,000 da maza sama da 45,000 na shekaru masu yawa, suka buga sakamako a 2014. Matan da ke shan kofi uku ko fiye na madara a rana ba su fi sauran tsira daga karaya ba, hasali ma sun fi su karyewa. Amma masu shan nono mai tsami da masu cin cuku, karayarsu ta yi ƙasa. Irin wannan bincike kallo ne daga gefe, ba ya iya rantsewa cewa abu kaza ne ya jawo kaza. Mai yiwuwa matan da suka san ƙashinsu ba ƙwari su ne suka fi dagewa da shan madara. Duk da haka na ji daɗin karanta shi, don abin da ya fito da farin jini a ciki shi ne ɗan uwan kindirmonmu. A Amurka ma, masu binciken Jami'ar Harvard sun duba ko yawan shan madara a shekarun samartaka na rage karayar ƙugu a tsufa, ba su ga haka ba.

Sai kuma ga Ostareliya ta zo da nata a 2021, kuma wannan gwaji ne na gaske, an raba gida biyu da ƙuri'a. Gidajen kula da tsofaffi 60, mutane sama da 7,000, shekara biyu. Rabin gidajen aka ƙara musu madara da yogot da cuku a abinci, rabi aka bar su yadda suke. Inda aka ƙara, karaya ta ragu da kashi 33 cikin ɗari, ta ƙugu da kashi 46, faɗuwa ma ta ragu da kashi 11. Mutum zai ce to wanne za a kama, Suwidin ko Ostareliya? Ni ban ga saɓani ba. Matar Suwidin mai kofi uku ta riga ta ƙoshi, ƙari bai da inda zai zauna, tulun da ya cika in ka ƙara ruwa ƙasa zai bi. Tsofaffin Ostareliya kuwa abincinsu ya gaza, a kalsiyam da a furotin, sai ƙarin ya samu gurbi. Yaron Jos da tsohuwar gidan kula abu ɗaya ya haɗa su, rashi. Nono cike giɓi yake yi, kuma ya iya. Wanda ba shi da giɓi, ko ya shanye garke ƙashinsa ba zai zama ƙarfe ba.

Har yanzu ina maganar nono ne kamar duk abin da ya yi fari a ƙwarya nono ne. Ba haka ba ne, kuma matan gida sun fi ni sani. Saniyar bunaji, farar nan ta Fulani, abin da ake tatsa daga gare ta a rana bayan maraƙi ya sha bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu ba, alhali saniyar Turai mai baƙi da fari na ba da sama da lita ashirin. Da rani in ciyawa ta ƙone, shanu suka yi kudu, wannan ɗan ma sai ya ja baya. A lokacin ne wasu masu sayarwa ke ƙara ruwa, su kaɗa garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri da tsami. Abin dariya, ko a ha'incin ma bishiyar kuka ce ke rufa asiri, kuma garin nata ba fanko ba ne, yana da nasa kalsiyam ɗin. Amma ruwa ruwa ne. Da yawa daga cikin abin da ake sayarwa a roba da sunan kindirmo ko yogot a cikin gari kuwa, da garin madarar waje ake haɗa shi, kuma ingancinsa ya danganta da tsoron Allah na mai haɗawa. Garin madara na gaske, ko da irin wanda aka cire masa mansa aka sa man itatuwa ne, kalsiyam ɗinsa na nan. Matsalar ita ce awo. Ɗan cokalin da mai shayi ke barbaɗawa don ruwa ya canza kala ba zai kai kashi ɗaya cikin uku na kofin nono ba, balle farin garin nan da ake sayarwa don shayi kawai, wanda yawancinsa mai ne da sukari.

Akwai kuma cikin da ba ya karɓa. Tun a 1971 Norman Kretchmer da abokansa suka gwada ƙabilun Najeriya, suka samu mafi yawan Fulani makiyaya na narkar da sukarin madara har girmansu, mafi yawan Hausawa da Yarbawa da Ibo kuwa ba sa iyawa. Shi ya sa wani in ya sha ɗanyar madara sai ciki ya ɗauki ƙugi. Kakanninmu ba su san sunan sinadarin ba, amma sun san mafita: a bar shi ya kwana ya yi tsami. Ƙwayoyin da ke tsamar da shi na cinye wani kaso na sukarin, suna kuma taya hanji narkar da sauran.

Abin da ya fi damuna shi ne dafawa. Kindirmo na ƙwarai ana tafasa madarar kafin a zuba mata iri ta kwana, amma ba kowane nono ne ke ganin wuta ba. Saniya mai bakkale ko mai tarin fuka na iya miƙa cutar ta cikin madararta, kuma tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen kashe su. Cututtukan nan biyu kuwa, cikin wuraren da suka fi son zama har da gaɓoɓi da ƙashin baya. Mutum ya sayi nono don ƙashi, ya sayo wa ƙashin ciwo. Kuka ba ta da wannan aibi, sai dai ƙasa in ba a tankaɗe da kyau ba.

Sauran abin da ke gina ƙashi ko rusa shi ba ya cikin ƙwarya, ba ya cikin tukunya. Madarar saniya ba ta da bitamin D na a zo a gani. A Amurka tun shekarun 1930 ake zuba mata shi a masana'anta, kuma wani kaso na sunan da madara ta yi a can daga wannan ƙarin ya samo. Mu namu daga rana yake, kyauta, ga wanda ranar ke taɓa fatarsa. Robert Glew da Dorothy VanderJagt, waɗanda suka daɗe suna bincike da likitocinmu a Jos da nan Gombe, sun auna jinin wasu Fulani makiyaya suka samu matan sun fi mazan ƙarancin bitamin D. In matar ruga na iya gazawa, ina ga matar birni da ke wuni a ɗaki, tsakar gidan ma an rufe shi da kwano? Ƙashi kuma na son nauyi. Surfen Goggo na shekara hamsin, da jan guga, da tafiyar ƙasa, sun yi mata abin da babu kofin da zai yi. A ɗaya gefen, ƙwayoyin sa ƙiba da 'yan mata ke haɗiya, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, da haɗin maganin ciwon gaɓɓai da ake ƙullawa tsofaffi a leda, galibi akwai sitiroyid a ciki, kuma shan sa na dogon lokaci cinye ƙashi yake yi a ɓoye. Mutanen Kaltungo kuwa nasu daga ruwa ne: sinadarin fuloraid da ya yi yawa a wasu rijiyoyinsu ke ɓata haƙora, in ya tsananta ya taɓa ƙashi. Kunun kanwar da ake ɗura wa mai jego ma, da sunan ƙarfin jiki, kanwa dangin gishiri ce, ba ta mayar mata da kalsiyam ɗin da jariri ke tsotsa. Abin da ta rasa a watannin shayarwa jikinta ne ke mayar da mafi yawansa bayan yaye.

To idan aka ce in yanke hukunci tsakanin ƙanena da Goggo, zan ce kofi da kofi nono ya fi, shekara da shekara kuwa kuka ce ta yi dakon mafi yawanmu. Amma da na gama wannan aune-aune sai na ga ashe tambayar da ta fi ciwo ita ce wa ke shan nonon da ke shigowa gidan. Na zauna na lura da namu. Kindirmon da aka saya da hantsi, fura ake damawa da shi, a ajiye wa maigida a kwanon sha mai murfi sai ya dawo daga kasuwa. In ya rage, samari su ƙarasa. Mu ne masu shekara talatin zuwa hamsin, waɗanda ƙashinsu ya gama ginuwa bai kuma fara zaizayewa sosai ba, wato waɗanda suka fi kowa iya haƙura da shi. Ɗan ƙanwata da aka yaye wata huɗu da suka wuce, wanda ƙashinsa ke tsawo kullum, koko yake sha da sukari da safe, da rana taliya, da dare loma uku na tuwo ya yi barci a kan cinyar uwarsa. Ranar da aka cire shi daga mama aka yanke masa hanyar kalsiyam mafi inganci da yake da ita, ba a kuma buɗe masa wata ba. Ba mugunta ba ce, tsari ne da muka tarar: fura abincin manya ce, yaro sai dai a ɗan tsam masa. Ko a ruga ma ban ce an tsira ba, don nonon da matar nan ke ɗorawa a ka ta shigo da shi gari, shi ne kuɗin hatsi da gishiri da sabulu, kuma da rani abin da ke saura wa 'ya'yanta ba lallai ya kai wanda ta auna mana ba.

Na faɗi haka a gida, aka yi ta dariya wai na zama malamin asibiti. Amma Goggo ba ta yi dariya ba. Washegari da aka kawo mata kindirmonta a ƙaramar ƙwarya, ta sha ludayi uku, ta kira yaron ta zaunar da shi tsakanin ƙafafunta, ta riƙa ba shi sauran da hannunta mai lafiya, yana sha yana ɓata gaban riga. Ƙanena ya ce, "Goggo, ke fa aka saya wa." Ta ce, "To ƙaro." Ya ƙaro. Ya kuma kira magini ya farfasa santsin simintin bakin rijiya, aka yi masa kaushi.

An yi wata biyu a haka. Ran nan mai nono ta zo da ƙwarya ɗaya maimakon uku, ta ce shanu sun tashi, daga mako mai zuwa sai dai in Allah ya kai mu damina. Goggo ta yi mata addu'ar sauka lafiya, ta bi ta da kallo har ta fita zaure. Sannan ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini kuɗi.

"In ka shiga kasuwa ka sayo mini ƙananan kifin nan, busassu, rabin mudu. Kada ka bari su cire kawunan."